Fom Biyu na Gidan Maƙera

Na san sunan da kuka laƙaba mini a bayan idona, kada wanda ya sunkuyar da kai. Baba Koma-ka-cika. Jiya ma na ji wata nas a bakin famfo tana gaya wa ƙawarta cewa tsohon nan na ɗakin awo ya sake koro ta da kwalbar jini a hannu, wai don ba ta rubuta shekarun mara lafiya ba. Har tana cewa sai ka ce shekarun za a shafa a gilashi a duba. Na ji ta sarai, ban kuwa ji haushi ba. Ku da kuka zo koyon aiki bana, ku jawo benci ku zauna, tunda an ɗauke wuta kuma janareta ba mai. A ganinku aikin nan zuƙar jini ne da danna maɓalli, takardar da ke rako kwalba kuwa ta naɗe ƙosai ce. Ni shekara talatin da ɗoriya ina karɓar takardar nan ta taga.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a wankin gilasai ne, a wani ɗan asibiti ta wajen Gummi. Maigidana Oga Dauda, mutumin Zuru, gajere mai faɗan tsiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Kayan aikinmu gaba ɗaya ba su cika tebur ɗaya ba. Akwai madubin duba ƙwayoyin cuta, wanda sai ka kai shi bakin taga ka karkato hasken rana da ɗan madubin ƙasansa, in hadari ya haɗo aiki ya tsaya. Akwai injin juya jini na hannu, ka yi ta murzawa har kafaɗa ta riƙe. Sai kwalaben ruwan rini, da auduga, da naɗin filasta da muke yankawa mu liƙa a jikin kwalba mu rubuta suna. Gilashi kuwa ba a zubarwa kamar yadda kuke yi yanzu. Da sabulu nake wanke su, in shanya, in goge da tsumma ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ɗaga kowanne sama ya duba. In ya ga shatin yatsa ya jefo mini abina cikin ruwa.

Na ƙagu ya bar ni in leƙa madubi, shi kuwa ya dasa ni a taga wata da watanni. Aikina in karɓi fom, in karanta masa da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, yana can yana aikinsa bai ko waiwayo ba.

"Suna?"

"Hauwa."

"Hauwa wa? Garin nan Hauwa ɗaya ce? Shekaru?"

"Ba a rubuta ba, Oga."

"Mai da musu."

Haka zan kwashi ƙafa in koma ɗakin marasa lafiya, nas-nas suna harara ta, wani likita ya ce in gaya wa ogana ba shi ya ɗauke shi aiki ba. In dawo in faɗa masa, ya ce to, jinin ya zauna nan har likitan ya huce. A lokacin gani nake neman fitina ce kawai irin ta tsofaffi.

Sai da na fara awo da hannuna na gane abin da yake karewa. Wata rana aka kawo mini jinin wata mata na auna yawansa, na ga ya ɗan yi ƙasa, na ce ai ba laifi, zan rubuta in ajiye a tire a zo a ɗauka da la'asar. Oga Dauda ya ce mai ciki ce ko tsohuwa? Na duba fom, gurbin da likita zai faɗi abin da yake zato fayau yake. Ya ce je ka gani da idonka. Na je na tarar da mace da cikin wata tara tana naƙuda, jini na zuba. Abin da zai riƙe tsohuwa tana zaune a gida ba zai riƙe wannan ba ko na awa biyu. Na dawo da gudu, muka shiga neman mai ba ta jini. Haka kowane gurbi yake da aikinsa. Jinin awon suga in ya yini a zafin nan namu kafin ya iso, sugan raguwa yake yi a cikin kwalba, in ba a rubuta lokacin ɗiba ba sai ka ba mai ciwo takardar lafiya. In ba lambar kati, ba sunan ɗaki, sai sakamako ya fito ka rasa gadon da za ka kai shi.

To amma ku ɗebo fom ɗin da aka kawo yau da safe ku duba. Suna rabi. Wajen shekaru harafi ɗaya na Turanci, wai babba, ko wai yaro, kamar jaririn wata uku da ɗan shekara goma duk abu ɗaya ne. Lokacin ɗibar jini kuwa, in kun ga an rubuta ku kira ni in sha kallo. Sa hannun likita sai ka ce kaza ta yi tono, in abu ya yi tsanani ka rasa wanda za ka nema. Ba na cewa mugunta ce. Mutum ɗaya ne da layi har waje, biro ma aro yake yi. Amma gajiyarsa ba ta rage wa mara lafiya komai daga ciwonsa.

Akwai kuma abin da makaranta ba ta koya muku ba, wanda sai ɗan ƙasar nan. Mace a ƙauyukanmu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta faɗin sunan mijinta, kuma in an sa wa yaro sunan surukinta, to har abada sunan nan ba zai fito daga bakinta ba. Kunya ce, da ita aka raine ta, kai ma ba ka so taka uwar ta yi wani abu dabam. Ka tambaye ta sunan yaro, ta ce Baba, ko Maisuna. Ka ce sunan uba fa, ta ja mayafi ta kalli ƙasa. Dabarar ita ce ka bar ta, ka juya ga matar da ke bayanta a layi, ita za ta faɗa maka har da sunan kakansa. Minti ɗaya ne aikin. Duk ma'aikacin da aka haifa tsakanin Anka da Gummi ya san wannan, sai dai in ya ga dama ya tsallake.

Shekarar gubar dalma kuna 'yan firamare, wataƙila labari kawai kuka ji. Zinari ya yi daraja, maza suka bar gona suka shiga ramuka, baƙi suka cika ƙauyuka daga ko'ina. Ana kwaso duwatsu a buhu a kawo cikin gida, a niƙa a injin da ake niƙa dawa, mata su daka saura a turmin da suke daka fura. Ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sai yara suka fara amai, suka fara jijjiga, suna sanƙarewa. Fom ɗin da ke zuwa mana duk abu ɗaya aka rubuta, zazzaɓin cizon sauro. Mu duba mu samu ƙwayar a jikin wasu, don wane yaro ne ba ya da ita a ƙauye, a ba da magani, yaro ya mutu. Na bi ta gefen maƙabartar wani ƙauye a lokacin, na ga ƙananan kaburbura sababbi jere, ban iya ƙirgawa ba, kuma ban so in ƙirga ba.

Da aka gano dalma ce, likitocin agaji suka zo da wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin rediyo ba, aka mai da ni wani asibiti ta wajen Bukkuyum in taimaka. Na'urar tana da iyaka. In gubar ta yi yawa ƙwarai ba ta ba ka lamba, sai dai ta nuna maka abin ya fi ƙarfinta. Yaron da jininsa ya nuna haka, ko yana wasa yana dariya, ana ɗauko shi nan take a kwantar a fara ba shi maganin da ke fitar da gubar. Gadaje ba su isa ba, don haka wanda tasa ba ta kai can ba sai ya jira zagaye na gaba. Tsarin shi ne ma'aikata su fita ƙauye su ɗebi jini su cika fom, su kawo mini a akwatin ƙanƙara, ni in auna in rubuta sunayen waɗanda mota za ta je ta ɗauko. Wato abin da na rubuta shi direba zai bi.

Wata Talata, farkon damina, aka kawo mini akwati daga wata tunga can bayan Yargalma. Wanda ya ɗebi jinin Lawali ne, malamin asibiti, ɗan ƙasar nan, mai ƙoƙari, ranar tun safe yake gindin bishiya bai ko karya ba. Ina jera kwalabe sai na ci karo da guda biyu masu suna ɗaya. Na jawo fom ɗinsu, su ma kamar an buga su a inji. Suna, Maisuna. Sunan uba, Gidan Maƙera. Shekaru, harafin nan mai nufin yaro. Nauyi ba a rubuta ba. Na sa wa ɗaya lamba, na sa wa ɗayan ta gaba, na auna. Ta farko akwai guba amma ta masu jira ce. Ta biyu na'ura ta ce ya fi ƙarfinta.

Na ɗauki takardun na sami Lawali a baranda ya miƙe ƙafa yana shan ruwa.

"Lawali, su wa ke nan?"

Ya duba ya dafe kai. "Ɗiyan wa da ƙane na, Malam Garba. Gida guda suke. Duk sunan kakansu anka sa musu, uwayen ba su faɗi. Na tambayi sunan uba, kowace tad duƙe kai. Layi har bakin rijiya, mi kaka so in yi?"

"Ba ka tambayi ta baya ba?"

Ya girgiza kai.

"To wane ne babba, wane ne ƙarami? Wa ka fara ɗiba?"

Ya ce ɗaya ya kai shekara uku, ɗaya bai daɗe da fara tafiya ba, amma wanda ya fara ɗiba, wallahi ba zai iya rantsuwa ba. Sai ya ce, "Ai ba sai an yi wahala ba. Ƙaramin na. Jikinai zafi rau, idanu sun faɗa, ko kuka bai iyawa. Babban kau da ƙyar munka kama shi, awaki shika kora."

Ku saurara da kyau, don nan ne nawa laifin. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, in rubuta a ɗauko su duka biyu a sake awo, ko da za a yi mini faɗan gado. Tungar ba ta da sabis na waya balle a kira. Amma maganar Lawali ta shiga hankali, kwalabe na jirana a kan tebur, ƙanƙara na narkewa. Na zare biro daga aljihu, a kan fom ɗin kwalba ta biyu, cikin gurbin shekaru, na rubuta ƙarami da hannuna. A kan ɗayan na rubuta babba. Fom ya cika, ya yi kyau, duk wanda ya gani zai ce aikin ƙwararre ne. Ni da Oga Dauda ya dasa a taga wata da watanni, ni na yi wannan.

Ran Alhamis mota ta je ta ɗauko ƙaramin da uwarsa, aka gaya wa uwar babban, wata mata mai suna Ige, cewa nata da sauƙi, ta jira zagaye na gaba. Ƙa'ida ce kafin a fara magani a sake ɗibar jini. Ni na ɗiba da kaina, na auna. Na'ura ta ba ni lamba, kusan daidai da ta kwalbar farko. Na ce ko kuskure ne, na sake. Lambar dai ta dawo. Na shafa jininsa a gilashi na duba a madubi, ga ƙwayoyin zazzaɓin sauro nan birjik. Abin da ya kwantar da shi ke nan. Mai gubar da ta fi ƙarfin na'ura yana can tunga yana korar awaki, kuma an gaya wa uwarsa ta kwantar da hankalinta.

Na rufe kwalbar na ajiye. Na je na gaya wa likita komai, ban ɓoye rubutuna ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce mota ta juya gobe da sassafe. Kafin gari ya waye aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙoramar da ke tsakaninmu da tungar ta cika ta batse. Direba ya je bakin ruwa ya dawo. Asabar ma ya je ya dawo. Kwana biyun nan ina aiki, ina karɓar fom, idona na kan hanya.

Ran Lahadi na ce wa Lawali ya tayar da babur ɗinsa. Muka isa ƙorama ruwa ya ɗan ja, ya dawo iya ƙirji. Wasu samari masu fito suka ɗaga babur a kafaɗa suka haye da shi, mu muka bi su riƙe da hannun juna, takalma a ka. Daga can laka ce har gwiwa, wani wuri mu hau, wani wuri mu tura. Sai bayan azahar muka shiga tungar.

Tun daga zauren Gidan Maƙera na ji warin hayaƙin magani. Aka yi mana iso. Yaron yana kwance a tabarma a ɗakin uwarsa, ya sanƙare, haƙora sun datse, idanu sun juye sama, kumfa a gefen baki. Can sai jikin ya saki, kafin ka ce wani abu ya sake ɗauka. An shafe shi da rubutu, an turara, kakarsa na riƙe da ƙafafunsa tana salati. Ige ta ɗago ta dube ni, ta gane rigar asibiti.

"Malam, tun jiya da hantsi shika wanga abu. Ai ku kunka ce nashi da sauƙi."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya take yi, tana so in gaya mata yadda aka yi ciwo mai sauƙi ya zama haka. Na ce mata ta ɗauko zane, tafiya za mu yi yanzu.

Lawali ya ja babur, Ige a baya da yaron a tsakiyarsu, ni da uban yaron muna binsu da ƙafa muna turawa inda ya kafe. A ƙorama uban ya ɗora yaron a ka kamar tulu ya shiga ruwa, yana jijjiga a samansa, ni ina riƙe da ƙugun uban kada ruwa ya kwashe su. Muka isa asibiti rana na shirin faɗuwa. Likitoci suka rufu a kansa. Na ɗebi jininsa, wannan karon na tsaya na tambayi uban, ya ce sunan yaron Usmanu, shekararsa uku da wata biyu, na ɗora shi a sikeli na rubuta nauyi. Na'ura ta ce ya fi ƙarfinta.

Bai mutu ba. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, sannan ya farfaɗo, ya sha magani zagaye bayan zagaye, gubar ta yi ta sauka a takarda. Amma idanun ba su dawo ba, maganar da ya fara ma ta tafi. Likita ya ce mini kada in kashe kaina da tunani, ba wanda zai iya cewa da an kawo shi ran Alhamis da ya tsira lafiya lau. Gaskiya ne, ba wanda zai iya cewa. Ni dai abin da na sani, ran Alhamis da ƙafarsa yake gudu, kuma akwai wuri a motar. Lawali bai ƙara shekara a aikin ba ya nemi canji zuwa wani gari. In mun haɗu a wajen biki ko jana'iza mukan gaisa, mu tambayi iyali, ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Saboda haka in na mai da ku da fom, ku je ku cika, ku zage ni a hanya in kuna so. Kuma in kun je kun tarar ba wanda ya san amsar, ku dawo ku ce mini ba a sani ba, a sake ɗiba. Kada wanda ya zauna a baranda ya cika mini gurbi da ka. Gurbin da aka bari fayau kowa na ganinsa ya yi tambaya, wanda aka cika da zato kuwa ba mai sake dubansa.

Watan jiya na je kasuwar Anka sayen buhun gero, sai na ji ana ta kwaɗa mini sallama daga rumfar masu manja. Ige ce, ta tsufa, ta rame. Usmanu na tsaye a gefenta, ya fi ta tsawo yanzu, har gemu ya fara tsiro masa. Ta ɗaure wuyan hannunsa da bakin mayafinta don kada ya ɓace cikin mutane, yana ta kaɗa kai yana wani gurnani a hankali. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi iyali, ta juya tana gaya wa matan rumfar ko ni wane ne. Sannan ta kama hannunsa ta miƙo mini.

"Gai da Malam. Shi na yat taho cikin ruwa yaɗ ɗauko ka. Ba don shi ba da ba ka duniya."

Na riƙe hannun, ƙato, mai laushi, hannun da bai taɓa riƙe fartanya ba. Matan rumfar suna ta sa mini albarka. Shekara goma sha wani abu ke nan tana yi mini wannan godiyar duk inda ta gan ni, kuma har yau ban iya buɗe baki na gaya mata wanda ya rubuta cewa nata da sauƙi ba. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin, ta ja shi suka shiga cikin kasuwa.